Kwandon Kifi a Hawa na Biyu

Kwandon ya kai hawa na biyu ke nan Shahata ya fito daga banɗaki da kumfar sabulu a rabin fuskarsa.

"Tsaya! Tahani, tsaya! Kar ki ƙara ja!"

Tahani ta tsaya. Igiyar tana naɗe a hannunta, cikinta a jingine da ƙarfen baranda. Ba ta juyo ta dubi mijinta ba. Ta san abin da ya fito da shi. Warin ya riga kwandon isowa sama.

Can ƙasa a tsakiyar layi mahaifinta Hag Mitwalli, wato Alhaji Mitwalli, yana tsaye da sandarsa, ya ɗaga kai. Tun da gwiwa ta fara damunsa ya daina hawa benen nan. Duk shekara ranar Shammun Nasim, bikin shaƙar iskar bazara, sai ya shigo motar safe daga Nabaro zuwa Mansura, ya tsaya a nan ya ƙwala mata kira. Ita kuma ta sauke kwando kamar yadda take sauke wa mai gurasa, ya cika shi da rabon 'yarsa na biki: albasa mai lawashi, latas, lemun tsami, ƙwan da mahaifiyarta ta rina, da fisik, kifin da ya cusa wa gishiri da hannunsa ya rufe a ganga har ya nuna. Yau ma da ta ji muryarsa hannuwanta suka yi abin da suka saba, kafin ta tuna.

Shekaranjiya da rana suna cin abinci, Shahata ya jingine wayarsa da tulun ruwa yana sauraron wani mai wa'azi. Mutumin ya ce bikin shaƙar iskar bazara ba na Musulmi ba ne, Fir'aunoni ne suka fara shi, kifi da albasa kuwa abincin gumakansu ne. Tahani ta ce a hankali, "To kifin Baba fa?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Shahata ya buga tebur ya ce, "In fisik ya shigo gidan nan ranar Litinin, to a bakin aurenki."

Shahata ba mugu ba ne. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma ba ya dawowa hannu wofi. Bakinsa ne kawai yake riga shi. Sau biyu ya taɓa yin irin wannan rantsuwa. Ta farko a kan ƙwallo ce, 'yan wasan da yake so kuma suka sha kashi. Ta biyu don ya tilasta wa wani baƙo ya ƙara shinkafa ne, ashe baƙon yana da ciwon suga, ya ƙi. Duka biyun ya yi kuka ya mayar da ita. Saki ɗaya ya rage.

A ranar ta kira mahaifiyarta ta faɗa mata. Mahaifiyar ta ce za ta sanar da shi. Amma a gidansu ba a faɗa wa Hag Mitwalli abin da ba ya son ji, jira ake ya gano da kansa.

"'Yata, me ya tsayar da ke?" ya ɗaga murya daga ƙasa. "Ko ba sa ba ki abinci ne a gidan nan?"

"Sauke shi," in ji Shahata a kunnenta.

Ta dubi ƙasa. Mayar wa uba kyautarsa a gaban layi abu ne da za a riƙa faɗa har jikokinsa. Ta dubi ƙafafunta. Ba ta ja ba, ba ta sauke ba. Kwandon ya tsaya yana juyawa a hankali, daidai barandar hawa na biyu.

Ƙofar barandar ta buɗe. Baba Wadi ya fito da kayan barci da kofin shayi. Kirista ne, matarsa ta rasu, ya yi aikin gadi a gidan tarihi na Alƙahira har ya tsufa. Jiya suka yi sallarsu bayan azumin kusan wata biyu ba nama ba kifi. Ya kai hancinsa kusa da kwandon ya lumshe ido.

"Allah ya maimaita mana, Hag! Wannan nawa ne, ko wucewa yake yi?"

"Wucewa yake yi, Wadi, in masu gidan sun yarda!"

Shahata ya leƙo, kumfar tana ɗiga daga haɓarsa. "Baba, sannu da zuwa. Ka yi haƙuri, bana ba ma yin bikin. Na arna ne. Fir'aunoni ne suke kai wa gumakansu kifi da albasa."

"Wane gunki ne zai karɓi wannan warin?" in ji Hag Mitwalli. "Kakana ya gishirta kifi, ya je hajji a kan raƙumi. Ubana ya gishirta kifi, ya mutu yana sujada. Kai da bara ka lashe farantin har ka nemi ƙari, yau kai ne za ka kira su arna?"

"Bara ban sani ba. To in ba na Fir'auna ba ne, na su Baba Wadi ne. Me ya sa kullum yake faɗowa washegarin sallarsu?"

"A'a, ɗana, kar ka jefo mana," in ji Baba Wadi. "Jiya-jiyan nan limamin cocinmu ya ce babu shi a littafi. Ya ce na Fir'auna ne. Mu dai azumi muka gama, yunwa ce kawai."

"Ka ji ko, Baba!" in ji Shahata yana leƙa ƙasa.

"Sai dai ni na yi gadin gawarwakin Fir'aunonin tun ina saurayi," Baba Wadi ya ci gaba. "Suna kwance a gilashi, ina wucewa ta kansu safe da yamma. Ban taɓa jin warin kifi a jikin ko ɗaya ba. Albasa dai an ce an samu a idon wani."

"A ido?" in ji Hag Mitwalli.

"A ido."

"To ni a baki nake sawa. Ka ga ba addininmu ɗaya ba."

Tagogi sun fara buɗewa. Matar da ke benen da ke fuskantarsu ta ce ɗanta na jami'a ya ce Turawa ne suka ƙirƙiro labarin Fir'aunan don masu yawon buɗe ido. Mai kanti ya ce shi ya ji daga Yahudawa aka samo. Mai guga ya ce tun kafin Fir'auna ne, manoma ne suke murnar alkama ta nuna, sai mai kanti ya tambaye shi ko yana wurin. Kowa ya tura bikin gidan wani, kowa kuma da ƙunshin kifinsa a kicin. Kuliyoyin unguwa suka taru ƙarƙashin kwandon suka zauna a jere, suna kallon sama kamar masu jiran huɗuba.

Hannun Tahani ya fara ciwo. Hag Mitwalli ba ya rowar kifi.

"Tahani, ja kwandon nan," in ji mahaifinta.

"Tahani, kar ki ja," in ji mijinta.

Bangon benen ba shi da kauri, babu maganar da take kwana a gida ɗaya. Baba Wadi ya kurɓi shayi, ya leƙa ƙasa ya ce, "Hag, ba laifinta ba ne. Rantsuwa ya yi da aurenta. Kuma ta uku ce."

Mai guga ya ajiye dutsensa.

Hag Mitwalli ya cire hularsa ya mayar. Fuskarsa ta yi ja. "'Yata ka ɗora a kan kifi? 'Yar da na ba ka da kujeru da firji? To ka saurari tawa, ɗan gyaran waya. In ba ka ci kifin nan ba yau kafin rana ta faɗi, a bakin auren uwarta!"

Matar benen can ta dafe ƙirji. Hag Mitwalli kansa ya tsaya baki buɗe, kamar wani ne ya yi maganar a bayansa. Tahani ta tuna mahaifiyarta a Nabaro, yanzu haka tana wanke tukunyar rini, yatsunta jajaye da ɓawon albasa, ba ta san an saka ta a ciki ba.

Shahata ya goge kumfar da rigarsa. Ya kira limamin masallacinsu, Shehi Abdul Mu'uti, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Ya bayyana komai, Hag Mitwalli yana gyara masa daga ƙasa.

"Mece ce niyyarka lokacin da ka faɗa?" in ji limamin. Kamar da abu a bakinsa. "Tsoratarwa ko saki?"

"Ban sani ba, Shehi. Tebur na buga."

"Surukinka fa?"

"Shi sanda ya buga."

"Irin wannan ba a waya ake warware shi ba. Ku je ofishin fatawa."

"A rufe yake, Shehi. Yau hutu ne."

"Haka ne, hutu ne." Ana jin yara suna ihu a bayansa, da ƙarar injin kwale-kwale. Wata mata ta ce a miƙo mata lemun tsami. "Ni ma ina wajen ziyarar zumunci. Ku same ni gobe. Kafin nan kar kifin ya shiga, kai kuma kar ka ƙi ci."

"To yaya zan..."

Wayar ta katse.

Nan aka shiga ba da shawara. Mai kanti ya ce baranda ba gida ba ce, a ci a baranda. Mai guga ya ce wa ke share ta in ba matar gida ba? Baba Wadi ya ce shi gidansa a buɗe yake, babu rantsuwa a kansa, babu ma matar da za a rantse da ita. Shahata ya ce ba zai ci abincin biki a gidan Kirista washegarin sallarsu ba, sannan ya ba shi haƙuri, sannan ya maimaita.

Yatsun Tahani sun mutu. Igiyar ta yi mata jan zane a tafin hannu. Ta jira wani ya tambaye ta, ba wanda ya yi. Sai ta fara sakin igiyar kaɗan-kaɗan. Kuliyoyin suka miƙe.

"Mayar min za ki yi?" in ji Hag Mitwalli.

"A'a, Baba." Muryarta ba ta saba kaiwa ƙasa ba, sai da ta sake faɗa. "A'a, Baba. Riƙe min. Saukowa za mu yi."

Ta shiga ciki ta ɗauko tabarma, wuƙa, gurasa da kwalbar mai. Ta miƙa wa Shahata tabarmar. Ya karɓa don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

A ƙaramar bas ɗin da suka shiga ba wanda ya yi ƙorafin wari, don kowa da nasa a cinya. Direba ya ɗaure hanci da ƙyalle yana tuƙi da hannu ɗaya. Baba Wadi ya biyo su da jakar ƙwansa, ya ce shi shaida ne. Shahata ya faɗa wa matar da ke kusa da shi cewa shi ba biki za shi ba. Ta ce ita ma haka, asibiti za ta, sannan ta gyara wa jikarta hular takarda.

Bakin kogin Nilu ya cika. Duk inda ciyawa take an shimfiɗa tabarma, yara suna fasa ƙwai ja da shuɗi a kan juna, kwale-kwale suna wucewa da kiɗa. Da ƙyar suka sami gefe kusa da wata bishiya. Tun da aka kawo Tahani Mansura ba ta taɓa zuwa nan a wannan rana ba. Shahata yakan ce cunkoso ya yi yawa, sai su ci a gida gaban talabijin.

Shahata ya zauna ya juya wa kogin baya. Ya ciro hankici ya toshe hanci.

"Warin ne?" in ji Baba Wadi.

"Iskar ce. Ai ita ake zuwa shaƙa. Ni ba zan shaƙa ba."

"To da me za ka yi numfashi?"

"Da baki."

"Ta baki ba ta arna ba ce?"

"Baba Wadi, don Allah ka bar ni."

Hag Mitwalli ya naɗe hannun riga. Ya tsaga kifin ta ciki, ya cire ƙaya, ya matse lemun tsami, ya zuba mai. Naman ya yi ruwan hoda yana ƙyalli. Ya yago gurasa ya dumbuza, ya miƙa wa surukinsa ba tare da ya dube shi ba.

"Loma ɗaya," in ji Shahata. "Don surukata. Ku shaida ba don ranar ba ne."

"Mun shaida," in ji Baba Wadi.

Ya ɗaga hankicin ya sa lomar. Ya tauna a hankali. Ya ce rantsuwar Hag ba ta fayyace yawan da za a ci ba, gara ya ƙara don a fita daga shakka. Ya ƙara. Aka miƙa masa ƙwai ja, ya ce ba zai taɓa rini ba, sai Tahani ta ɓare masa, ya duba ya ga ciki fari ne, ya ci uku. Can hankicin ya faɗi a kan latas, bai ɗauka ba. Hag Mitwalli da Baba Wadi suka koma kan Fir'auna. Hag ya ce mutumin da ya nutse a teku kifi ne ya ci shi, ba shi ya ci kifi ba. Baba Wadi ya ce ai ba su ɗaya ba ne, suna da yawa, har da mata. Hag ya ce wannan ma wata ƙaryar ce.

Tahani ta ci nata. Ta cire takalmi ta sa ƙafa a ciyawa. Wata yarinya daga tabarmar kusa ta zo ta fasa ƙwanta da nata, na Tahani ya yi nasara, ta ji kunya ta ba yarinyar duka biyun.

Bayan la'asar suka raka Hag Mitwalli tasha. Shahata ya tafi nemo masa kujerar gaba saboda gwiwa. Tsohon ya naɗe kifi ɗaya da ya rage a jarida, ya tura cikin jakarta tare da sauran albasar.

"Na gobe ne," ya ce. Ya yi ɗan tari. "Kar ki faɗa wa uwarki."

"To, Baba."

"Ba wai tsoro nake ji ba."

"Na sani, Baba."

Shahata yana ta fara'a a hanyar gida. Ya ce Allah ya rufa asiri, an fitar da kowa. Suna hawa matakala, a hawa na biyu Baba Wadi ya sa makulli a ƙofarsa, sannan ya juyo.

"Tambaya ɗaya, ɗana, ni ba malami ba ne. Kifin da ke cikinku fa? In kuka shiga da shi, ya shiga ko bai shiga ba?"

Ya yi musu sai da safe ya rufe ƙofa.

Shahata ya dafe cikinsa. Ya hau sauran matakalar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A gaban ƙofarsu ya tsaya. Ya kira Shehi Abdul Mu'uti, waya a kashe. Ya shimfiɗa tabarmar a kan matakala ya zauna.

"Mu jira magariba," ya ce. "In rana ta faɗi Litinin ta wuce. Ko kuwa sai sha biyun dare? Su Fir'auna yaushe ranarsu take ƙarewa?"

Tahani ta sa makulli ta buɗe ƙofar, ta tura ta har bango. Ga falonsu, ga kujerun da mahaifinta ya saya, ga tebur. Ta zauna a bakin ƙofar, ƙafafunta a waje. Ta buɗe jaka ta fito da ƙunshin jaridar ta ɗora a cinya. Mai ya riga ya huda takardar.

Shahata ya miƙe zumbur. "Mene ne wannan?"

"Na gobe ne."

"Tahani, matso nan. Matso daga ƙofar. Don girman Allah."

"Ina zaune ne kawai."

"In kika jingina baya fa? In kika yi atishawa?"

Ta dubi ƙunshin, ba ta dube shi ba. Ta fi iya magana in tana kallon wani abu.

"Tun safe ake tambayar wanda ya fara bikin nan," ta ce. "Ni ban sani ba. Ban yi karatu mai nisa ba. Amma ba Fir'auna ne ya sake ni a kan ƙwallo ba."

"Tahani..."

"Ba shi ne a kan shinkafa ba. Duk ranar da ka yi baƙo, ina kicin ina addu'a ya ci da yawa. Ka sani?"

Bai sani ba. Ya durƙusa a kan matakalar da ke ƙasa da ita, har kansa ya yi daidai da gwiwarta.

"Hannuna ya gaji, Shahata. Abin da nake son faɗa ke nan."

Ya kama hannun ya juya shi, ya ga jan zanen igiyar. Idanunsa suka cika. Ya ce ya yi kuskure, ya ce shi jaki ne, ya ce ba don ita ba da yanzu yana kwana a shago cikin matattun wayoyi. Muryarsa ta fara hawa, kamar yadda takan hau. Ya saki hannunta ya ɗaga nasa sama, yana neman abin bugawa.

"Ki saurare ni da kyau, kuma bene duka ya shaida! Daga yau, in na ƙara rantsewa da aurenki, to a bakin..."

Tahani ta zaro albasa daga jaka ta cusa masa a baki, har lawashin.

Ya tsaya da hannu a sama. A ƙasa wata ƙofa da aka ɗan buɗe ta rufe a hankali. Ya sauke hannun, ya fara taunawa, hawaye na zubo masa. Ta matsa masa wuri a bakin ƙofar, ya zauna, ƙafafunsu duka a waje. Da sauran lokaci kafin magariba. Ta zaro wata albasar ta riƙe a hannu.